Siyasar ofis: jarrabawar da ke jiran sabon marubucin bayanan fasaha

A ranar 23 ga Janairun 2017 kamfanin Apple ya fitar da sabon zubin babbar manhajar wayoyinsa, wato iOS 10.2.1. Kamar yadda aka saba, ɗan gajeren bayani ya biyo saƙon sabuntawar a fuskar waya, yana cewa an gyara wasu kurakurai kuma an ƙara tsaro. Jama'a suka latsa, suka sauke, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Abin da bayanin bai faɗa ba shi ne, sabuntawar tana ɗauke da wani tsari da ke rage saurin wayoyin iPhone 6 da 6s da SE waɗanda batirinsu ya tsufa, don kada su riƙa mutuwa kwatsam ana cikin aiki da su. Bayan kimanin wata guda aka ƙara jimla ɗaya da ke magana a kan sarrafa wutar batir, amma ba ta ambaci rage sauri ba. Sai a watan Disambar shekarar, bayan John Poole na manhajar gwajin sauri ta Geekbench ya wallafa alƙaluman da suka tona abin, kamfanin ya amsa, ya ba da haƙuri, ya rage kuɗin sauya batir daga dala 79 zuwa dala 29. A Fabrairun 2020 hukumar kare masu sayayya ta Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane ba. Wata guda bayan nan ya amince zai biya har dala miliyan 500 don kashe wata ƙarar haɗin gwiwa a Amurka.

Dabarar injiniyoyin tana da hujja, domin waya mai ɗan nauyi ta fi wadda ke mutuwa a tsakiyar kira. Abin da ya jawo tarar Faransa shi ne maganar da ba a rubuta wa masu wayoyin ba. A manyan kamfanoni irin wannan ɗan bayani yana bi ta hannun mutane da yawa kafin ya iso fuskar waya, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan: marubucin bayanan fasaha. Duk matashin da ke shirin shiga wannan sana'a ya kamata ya san cewa iya rubutu rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne iya zama da mutanen da ke ja-in-ja a kan abin da za a rubuta.

Wane ne marubucin bayanan fasaha?

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin sabuwar waya ya ci karo da aikinsa, wato 'yar takardar da ke nuna inda ake sa layi da yadda ake caji. Shi ke rubuta shafukan taimako na manhajoji irin su WhatsApp da na bankuna, da bayanin da ke biyo kowace sabuntawa a Play Store. A ƙananan kamfanoni har ɗan saƙon da ke fitowa idan tura kuɗi ya ƙi tafiya, shi ake bai wa.

Ɓangaren da ya fi kawo kuɗi shi ne rubuta wa masu gina manhaja bayanin abin da ake kira API, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta yi magana da wata. Kamfanonin biyan kuɗi na Najeriya irin su Paystack da Flutterwave suna da irin waɗannan shafuka a buɗe a intanet. Mai gina shafin sayar da atamfa a Kano, idan yana so ya riƙa karɓar kuɗi da kati, shafukan zai karanta ya haɗa, ba tare da ya taɓa ganin ko mutum ɗaya na kamfanin ba. Idan bayanin ya ruɗa shi, sai ya koma wajen wani kamfanin.

Sana'ar tana jan hankalin matasa saboda ba dole sai da digirin kwamfuta ba, kuma ana iya yin ta daga gida. Google yana da darussan rubutun fasaha kyauta a intanet, kuma a 2019 ya fara shirin Season of Docs, wanda ya riƙa haɗa marubuta da ayyukan manhajojin da kowa ke iya duba lambobinsu. Darussan suna koyar da taƙaita jimla da jera matakai. Ba sa koyar da abin da mutum zai yi idan injiniyan da ya san amsa ya share saƙonsa kwana uku, alhali gobe za a saki manhaja.

Nauyi a kansa, iko a hannun wasu

Kowane ofis yana da siyasarsa, amma ta fi matse marubuci saboda yanayin aikinsa. Kayan aikinsa suna cikin kawunan wasu: injiniya ne ya san yadda abin yake aiki, manajan manhaja ne ya san ranar da zai fita. Amincewa da abin da ya rubuta ma tana hannun wasu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne marubuci a tsakanin injiniyoyi masu yawa. Idan shafi ya fita da kuskure kuwa, shi za a fara nema.

A ɗauki misalin kamfanin da ke da manhajar tura kuɗi, kuma an bai wa sabon marubuci shafi ɗaya: abin da mutum zai yi idan an cire masa kuɗi amma ba su shiga wa wanda aka tura wa ba. Injiniya zai ce yawanci kuɗin suna dawowa cikin mintoci, amma idan matsalar daga ɗaya bankin ce za su iya kai kwana biyu. Manajan manhaja yana so a gama shafin yau, domin shi ana auna shi ne da cika alkawarin ranar fitarwa. Mai kula da talla yana so a rubuta "nan take", domin abin da ke jikin allunan tallarsu ke nan. Lauyan kamfani ba ya so a ambaci kowane adadin kwana, don kada wani ya riƙe shi hujja a kotu.

Babu mugu a cikinsu. Kowa yana kare abin da ogansa zai tambaye shi a ƙarshen wata. Mutum ɗaya ne ba ya cikin ɗakin, wato wanda ke tsaye a bakin shagon mai POS da kuɗin asibiti a maƙale, yana neman sanin ko ya jira ko ya nemi rance. Marubuci ne wakilinsa. Wannan kuma shi ne ƙarfin da yake da shi: idan ya ce "ni na fi son a rubuta kaza", ra'ayin sabon yaro ne, kowa zai iya turewa. Idan ya ce "mutane goma sha biyu sun yi wannan tambayar a makon jiya", ya kawo abin da sai an amsa.

Watan farko: kunne ya fi baki amfani

Kuskuren da ya fi yawa wajen sababbi shi ne zuwa da zafi. Mutum ya buɗe tsofaffin shafukan kamfani, ya ga jimloli masu tsawo da hotunan da suka tsufa, sai ya tashi a taron farko ya ce duk sai an rushe an sake. Abin da bai sani ba shi ne, wataƙila wanda ya rubuta su yana zaune a gefensa, kuma shi ne babban injiniyan da zai buƙaci taimakonsa gobe. Wataƙila ma ya rubuta su ne da tsakar dare, lokacin da kamfanin bai da marubuci ko ɗaya. Wata jimla mai kama da shirme kuma, idan aka bincika, sai a tarar an sa ta ne bayan wata rigima da wani babban abokin ciniki. Da ɗan gari akan ci gari. Tambayar "me ya sa aka rubuta wannan haka?" tana buɗe ƙofofin da "wannan ba daidai ba ne" ke rufewa.

Aikin watan farko shi ne gane waye waye. Jadawalin muƙamai yana nuna shugabanni, amma ba ya nuna wanda ake jin maganarsa. Ana gane wannan ta hanyar lura: wa ake juyawa a kalla idan an yi tambaya mai wuya a taro? Sunan wa ke yawan fitowa a tsofaffin tattaunawar Slack idan abu ya lalace? Wa yake iya tsayar da fitar da manhaja da kalma ɗaya?

Akwai tambayoyi uku da ya kamata sabon ma'aikaci ya yi wa ogansa tun makon farko. Wa ke tabbatar da cewa abin da aka rubuta daidai yake ta fuskar fasaha? Wa ke da maganar ƙarshe idan aka saɓa a kan kalmomi? Kuma idan mutum biyu suka kawo aiki lokaci ɗaya, na wa za a fara? Ta ukun tana da muhimmanci, domin marubuci ɗaya yakan yi wa ɓangarori da yawa hidima. Idan shi da kansa ya zaɓi wanda zai fara, ya yi abokin gaba. Idan ya ce "ga jerin ayyukan da ke hannuna, Oga ce ke tsara su, bari mu tambaye ta", ya mayar da rigimar inda ta dace.

Abokan da sababbi suka fi mantawa da su su ne ma'aikatan sashen sauraron ƙorafin abokan ciniki. Su suka san inda mutane ke ruɗewa, kuma su ne farkon masu samun sauƙi idan shafin taimako ya yi kyau. Awa ɗaya tare da su tana ba marubuci jerin shafukan da suka fi buƙatar gyara, da hujjar da zai kai taro.

Yadda ake samun amsa daga injiniya

Injiniyan da bai amsa saƙo ba, galibi ba raini ba ne. Aikinsa yana buƙatar tattara hankali na tsawon lokaci, kuma ba a ƙara masa albashi don ya taimaki marubuci. Saƙo irin wannan yakan kwana ba amsa: "Salam Injiniya, don Allah in ka samu lokaci ina so ka yi min bayanin sabon tsarin mayar da kuɗi." Buƙatar ba ta da iyaka, kuma mai karantawa ya san awa guda za ta ci.

Wanda ya san kan aiki yakan fara gwada manhajar da kansa, ya karanta abin da aka rubuta a Jira game da aikin, ya rubuta daftari ko da da kurakurai, sannan ya aika: "Injiniya, barka da aiki. Na gwada tsarin mayar da kuɗi, na rubuta matakai biyar. Mataki na uku ne nake shakka: idan ɗaya bankin bai amsa ba, kuɗin da kansu suke dawowa ko sai mutum ya kai ƙorafi? Ranar Laraba za a saki shafin." Wannan ana amsa shi cikin minti biyu. Gyara kuskure ya fi sauƙi a kan fara bayani daga tushe, kuma injiniyan ya ga cewa marubucin ya yi nasa ƙoƙarin.

Idan an yi shiru har sau biyu, ba daidai ba ne a garzaya wajen ogansa, ko a jefa masa magana a zauren da kowa ke gani. Wannan yana kawo amsa yau, ya toshe ta har tsawon shekara. Gara a nemi minti goma na kira, ko a tambaye shi wa zai iya amsawa a madadinsa. Sai idan ranar fitarwa ta matso a sanar da manaja, shi ma a matsayin labarin aiki: shafi kaza yana jiran tabbacin abu kaza.

Masu aiki daga gida suna da ƙarin matsala. Tsakanin Najeriya da San Francisco akwai tazarar awa takwas ko tara, gwargwadon lokacin shekara. Tambayar da ba ta cika ba tana iya cin kwana biyu ana kai-komo, don haka dole kowane saƙo ya iya tsayuwa da ƙafarsa.

Sannan akwai ladabin magana. Matashin da ya tashi da cewa ba a musu da babba yakan ji nauyin ce wa shugaba ya yi kuskure. A kamfanin da kowa ke kiran kowa da sunansa kuwa, shirunsa amincewa za a ɗauke shi. A ofisoshin gida akasin haka ake samu: gyara Oga a gaban jama'a yana iya zama laifin da ba a mantawa. Ladabi ba ya hana faɗin gaskiya, yana dai zaɓar mata wuri da lokaci. "Ranka ya daɗe, na gwada abin a wayata, ga abin da ya fito, ko akwai inda na kuskure?" ya isar da saƙon ba tare da an kunyata kowa ba.

Abin da ba a rubuta ba, kamar ba a yi ba ne

Yawancin rigimar ofis daga "ai na faɗa maka" da "ban ce haka ba" take farawa. Maganinta yana hannun marubuci, tunda rubutu ne sana'arsa. Bayan kowane taro ko kira, ya aika layi uku: ga abin da aka amince, ga wanda zai yi, ga ranar da za a gama, in da gyara a sanar. Ba don kama kowa ake yi ba. Bayan wata uku babu mai tuna dalilin da ya sa aka cire wata jimla, sai wannan saƙon.

Kamfanoni da yawa yanzu suna ajiye bayanansu a wuri ɗaya da lambobin manhaja, ta hanyar Git da shafuka irin su GitHub. Kowane gyara yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da lokaci, da wanda ya duba ya amince. Wannan kariya ce ga sabon ma'aikaci, muddin ya dage cewa gyara ya bi ta nan, ba ta saƙon murya a WhatsApp ba. Kamfanin GitLab, wanda ma'aikatansa ke aiki daga ƙasashe daban-daban ba tare da ofis ba, ya kai wannan ɗabi'a matuƙa: ƙa'idojin aikinsa suna cikin wani kundi da kowa zai iya karantawa a intanet, kuma tsarinsu shi ne a fara rubuta sauyi a kundin kafin a yaɗa shi.

Ƙananan rigingimu kuwa, irin su wace kalma za a sa a kan maɓalli ko ina za a sa waƙafi, suna iya cinye mako guda idan kowa yana kare ɗanɗanonsa. Alƙalinsu shi ne kundin salon rubutu. Google da Microsoft duk sun buɗe nasu kyauta a intanet. Idan kamfani ba shi da nasa, sabon marubuci zai iya ba da shawarar a ɗauki ɗaya, a ƙara masa shafi guda na kalmomin gida. Daga nan musun ya daina zama tsakanin mutum da mutum.

Rigimar da ba tasa ba

Kowane ofis yana da ɓangarori: tsofaffin da aka fara kamfani da su da sababbin da aka ɗauko daga manyan kamfanoni, ko manajoji biyu da ke neman kujera ɗaya. Saboda marubuci yana shiga ko'ina, yana jin abin da kowa ke faɗa a kan kowa. Ba a jimawa wani zai ja shi gefe da fara'a ya tambaye shi me ake cewa a ɗaya sashen.

Ranar da ya kai labari ɗaya, ya rasa abin da ya fi daraja a aikinsa, wato mutane su saki jiki su gaya masa inda manhaja take da rauni. Amsa mai sauƙi ta isa: "Wallahi ni shafukan kawai muke tattaunawa." Shiga sharo ba shanu ba ya ƙara wa sabon ma'aikaci komai, domin manyan da ke rigimar sukan shirya, a bar ƙaramin da ya ɗauki ɓangare a tsakiya.

Waya ta ƙara wa abin haɗari. Zauren WhatsApp na gefe da ake zagin Oga a ciki, hoton fuskar waya ɗaya ya isa ya fitar da shi. Saƙonnin Slack kuwa na kamfani ne, kuma a wasu tsare-tsaren masu kamfanin suna iya fitar da har saƙonnin da mutum biyu suka yi tsakaninsu. Abin da mutum ba zai so a karanta a taro ba, kada ya rubuta shi.

Wa ya yi aikin?

Rubutun fasaha ba ya ɗauke da sunan mai shi, kuma idan ya yi kyau babu mai lura da shi. A Amazon, inda Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan shugabanni tun 2004, ana fara taro ne da karanta takarda mai shafi shida a cikin shiru. A wasiƙarsa ga masu hannun jari ta shekarar 2017 ya bayyana cewa al'adarsu ita ce ba a sa sunan marubuci a takardar, domin ta tawaga ce baki ɗaya. Haka sana'ar take kusan ko'ina.

Matsalar ita ce, wanda ba a ganin aikinsa shi ake fara tunawa da shi ranar rage ma'aikata. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya zubo shafi cikin daƙiƙoƙi, wasu shugabanni suna ɗauka aikin marubuci jera kalmomi ne kawai. Dole ya nuna abin da na'ura ba ta yi: gwada manhaja da hannu, gano inda bayanin injiniya ya saɓa da abin da ke faruwa, da sasanta mutum huɗu a kan jimla ɗaya.

Hanyar nunawa ba tare da fankama ba ita ce gajeren rahoton mako: shafukan da aka gama, kurakuran da aka gano yayin gwaji, da tambayoyin da suka ragu a sashen ƙorafi bayan an gyara shafi. A cikin rahoton a ambaci sunan injiniyan da ya taimaka, a inda ogansa zai gani. Wanda aka yaba a bainar jama'a ba ya share saƙo na gaba. Idan kuma wani ya gabatar da aikin marubuci a matsayin nasa, ba a buƙatar faɗa a taro. Tarihin gyare-gyare yana nan, rahoton mako yana nan, magana ɗaya da Oga a keɓe ta wadatar.

Iyakar da ba a tsallakewa

Duk abin da aka ambata zuwa nan sassauci ne, kuma mafi yawan saɓani sassauci suke buƙata. Amma akwai inda sassauci yake zama cutar da mutane, kuma labarin jirgin Boeing 737 MAX ya nuna iyakar abin.

Jirgin yana da wani tsari mai suna MCAS da ke dunƙufar da hancinsa ƙasa da kansa idan ya ga kamar ya ɗaga da yawa, kuma a wancan lokacin na'urar awo ɗaya tak yake dogara da ita a lokaci guda. Kamfanin yana so matuƙan tsohon samfurin 737 su koma sabon ba tare da horo a na'urar kwaikwayon tuƙi ba, domin horon yana da tsada. Har ya yi wa kamfanin jiragen Southwest alkawarin rangwamen dala miliyan 1 a kan kowane jirgi idan aka wajabta horon. A watan Maris na 2016 Boeing ya nemi hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta yarda a cire bayanin MCAS daga littafin jagoran matuƙa, ta kuma yarda.

Ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189, littafin da ke hannun matuƙansa bai bayyana musu tsarin da ke ja da su ba. Bayan nan aka aika wa matuƙa ƙarin bayani, amma lahanin ƙirar yana nan. Ranar 10 ga Maris na 2019 jirgin Ethiopian Airlines da ya tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi ya faɗi da mutum 157, cikinsu har da marubuci ɗan Najeriya Farfesa Pius Adesanmi. Jimilla mutum 346. A Janairun 2021 Boeing ya amince ya biya sama da dala biliyan 2.5 a yarjejeniya da ma'aikatar shari'a ta Amurka kan yaudarar hukumar.

Sabon marubuci a kamfanin manhaja ba jirgi yake rubuta wa jagora ba, amma tambayar iri ɗaya ce: idan aka cire wannan jimla, wa zai cutu? Abubuwa uku ne ba a yin shiru a kansu, wato kuɗin mutane, bayanan sirrinsu, da lafiyarsu. Cajin da za a cira ba a faɗa ba, manhajar da ke kwashe lambobin da ke cikin waya, batirin da ke zafi fiye da ƙima, duk suna cikin wannan sahu.

Ko a nan ba da ihu ake farawa ba. Mataki na farko shi ne tambaya a rubuce, cikin harshen da mai iko yake ji: idan aka rubuta "nan take" kuma kuɗin wani suka kwana biyu, ƙorafi zai ƙaru, hotunan shafin za su yawo a X da Facebook, hukuma tana iya shigowa. Na biyu shi ne kawo mafita, misali: "Yawanci kuɗin suna dawowa cikin mintoci. Idan matsalar daga ɗaya bankin ce, za su iya kai kwana biyu. Idan suka wuce haka, ga inda za a tuntuɓe mu." Mai talla ya samu mintocinsa, lauya ya samu "za su iya", mai jira ya san ranar da zai ɗaga murya. Idan an ƙi, sai a kai wa Oga, daga nan sashen shari'a ko na bin ƙa'ida. Idan har kamfani ya nace sai an rubuta abin da marubucin ya tabbatar ƙarya ne, yana da damar cewa ba zai rubuta ba, ya kuma fara neman wani wurin. Matakin yana da tsada ga mai sabon aiki da iyali ke jiran albashinsa, shi ya sa ake ajiye shi sai an gwada duk sauran.

Wanda ke yin faɗa a kan kowane waƙafi, ranar da babbar magana ta zo babu mai sauraronsa. Wanda ya yi wata shida yana sassauci a ƙananan abubuwa, yana cika alkawari, ba ya kai gulma, idan ya ce "wannan kam sai mun faɗa wa mutane", ɗakin yakan yi shiru a saurare shi.

Ba dole mutum ya koyi wannan shi kaɗai ba. Ƙungiyar Write the Docs, wadda ta fara a birnin Portland na Amurka a 2013, tana da zaure a Slack inda marubuta daga ƙasashe da yawa ke tattauna irin waɗannan matsaloli, kuma shiga kyauta ne.

A Apple kuwa, bayanin da ya kamata ya fito a Janairun 2017 ya fito daga baya. A watan Maris na 2018 zubin iOS 11.3 ya zo da shafin lafiyar batir a cikin saitin waya, wanda ke nuna ƙarfin da ya rage wa batir, ya faɗa idan an rage wa wayar sauri, ya kuma ba mai ita damar kashe tsarin. 'Yan jimloli ne da ba su cika fuskar waya ba, kuma sun makara da wata goma sha huɗu.